Banki, adashe, OPay ko gwal: ina za ka ajiye kuɗin gida kada su narke?

Kwanakin baya wani abokina da muke sallah a masallaci ɗaya ya tare ni bayan la'asar, ya ce an raba musu gadon gidan mahaifinsu, kasonsa ya kama miliyan biyu da 'yan kai, kuma tun da alat ɗin ya shigo wayarsa bai ƙara yin barci mai daɗi ba. Uwargida na cewa a sayi gwal, yayansa na cewa a tafi Dawanau a sayi masara a jibge, wani abokin aikinsa ya ce ya zuba su a manhajar waya ana ƙara masa ɗan wani abu kullum, shi kuma zuciyarsa tana ga bankin Musulunci don tsoron kuɗin ruwa. Ya ce Malam don Allah wanne ya fi? Na ce ai tambayar ce ba ka yi daidai ba, kuɗin gida ba iri ɗaya ba ne, akwai na cefane, akwai na ko-ta-kwana, akwai na hidimar da ka san ranarta kamar haya da kuɗin makaranta, akwai kuma wanda ba ka da niyyar taɓawa sai bayan shekaru. Kowanne da inda ya dace da shi. Abin da na faɗa masa ne nake son in baje a nan don na san ba shi kaɗai ba ne a cikin wannan ruɗanin.

Kafin mu shiga, ga ma'aunin da nake aunawa da shi. Na farko caji, wato nawa wurin yake yankar ka don kawai ka ajiye ko ka motsa kuɗinka. Na biyu sauƙin ɗauka, in yaro ya kwanta ciwo ƙarfe biyun dare za ka iya kai hannu ko sai ka jira Litinin. Na uku haɗari, wurin zai iya rushewa ko a gudu da kuɗin, kuma in hakan ta faru wa zai biya ka. Na huɗu halacci, wannan kowa ya san matsayinsa a wurinmu. Sai na biyar wanda mutane suka fi mantawa da shi kuma a ganina shi ne babba, wato riƙe daraja.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan na biyar. A watan Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa in ka ajiye miliyan ɗaya a ƙarƙashin katifa shekara guda, in ka ɗauko ta abin da za ta saya maka bai wuce abin da naira dubu 742 ke saya a bara ba. Ba ɓarawon da ya shigo, ba wanda ya taɓa ko sisi, amma sama da dubu 250 sun tafi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, wannan ɓarawon marar ƙafa shi ya fi kowa cin kuɗin magidanta. Yanzu alƙaluman sun sauko, musamman bayan an sake tsarin lissafin a farkon 2025, amma saukowar hauhawa ba ta nufin kaya sun koma farashin da, tafiyar ce kawai ta rage gudu.

To mu fara da bankin kasuwanci, irin su First Bank, GTBank, Zenith, UBA, Access da sauransu. Cajinsu ƙanana ne amma ba sa ƙarewa. A lissafin 2025, tiransifa zuwa wani banki naira 10 ce in kuɗin bai wuce dubu 5 ba, 25 daga nan zuwa dubu 50, sai 50 in ya haura, ga harajin VAT a kai, ga naira 50 ta gwamnati a kan duk tiransifar da ta kai dubu 10. Alat na tes ana cire maka, kati ana cire kuɗin kula da shi duk wata uku, in ka yi amfani da lambobin nan na tauraro a ƙaramar waya naira 6.98 ce duk shiga, sannan daga Maris ɗin 2025 in ka ciri kuɗi a ATM ɗin bankin da ba naka ba naira 100 ce a kan kowace dubu 20. Mutum zai ce ai ba yawa, amma ka zauna ka duba bayanin akawun ɗinka na wata shida ka haɗa, za ka yi mamaki.

Riƙe daraja kuwa sai a hankali. Ƙa'idar CBN ita ce akawun ɗin ajiya ya samu aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da babban bankin ya sa, lokacin da ma'aunin yake 27.5 kenan kusan kashi 8 ne a shekara, kuma in ka ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata yawanci ka rasa na wannan watan. Kashi 8 a gaban hauhawar kashi 34, ai kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Wanda kuma ba ya cin kuɗin ruwa ko wannan ɗin ma ba nasa ba ne.

A nan ne wani abu yake ba ni haushi. A 2023 manyan bankuna sun ci ribar da ba su taɓa gani ba, babban dalili kuwa faɗuwar naira ce, don suna riƙe da kadarori na dala, da naira ta faɗi lissafinsu ya kumbura, har sai da gwamnati ta ɗora musu haraji na musamman a kan wannan garaɓasar a 2024. Wato abin da ya rage wa magidanci tuwo shi ya cika musu littafi. Don haka in ka ji an ce banki kaza ya ci ribar biliyoyi kada ka ɗauka kai ma ka samu, ribar ta masu hannun jari ce. Abin da ribar banki take maka kawai shi ne ta nuna da wuya ya durƙushe da kuɗinka gobe.

Kuma bankuna suna durƙushewa, kada wani ya ce maka a'a. Manyanmu ba su manta da Savannah Bank da aka rufe a 2002 ba. Zamanin da Soludo yake gwamnan CBN aka ce kowane banki ya kawo jarin biliyan 25, bankuna 89 suka dawo 25, a nan ne Bank of the North ɗinmu ya narke cikin Unity Bank. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan CBN ya sauke shugabannin wasu bankuna aka zuba musu kuɗi don kada su faɗi. A 2018 aka ƙwace lasisin Skye aka mayar da shi Polaris, masu ajiya ba su yi asara ba. Amma na Heritage daban ne, ranar 3 ga Yunin 2024 CBN ta soke lasisinsa aka rufe shi ɗungurungum. Sa'ar da mutane suka ci ita ce wata ɗaya kafin nan hukumar NDIC mai inshorar kuɗin masu ajiya ta ɗaga abin da take biya daga dubu 500 zuwa miliyan 5 ga kowane mutum a kowane bankin kasuwanci. Mafi yawan waɗanda kuɗinsu bai wuce miliyan 5 ba an biya su, da yawa ma ta BVN aka nemo wani akawun ɗinsu a wani banki aka tura musu. Waɗanda suka haura kuwa sai jiran a sayar da kadarorin bankin a karɓo basussuka ana ba su da kaɗan-kaɗan. Wannan miliyan 5 ɗin ka riƙe ta a ka, ita ce iyakar inuwar.

Me ke kayar da banki? Yawanci bashin da aka bayar bai dawo ba, musamman wanda masu bankin suka ba kansu da abokansu, sai jari ya ƙare. Shi ya sa a Maris ɗin 2024 CBN ƙarƙashin Cardoso ta sake ɗaga jarin, biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa, 50 ga na yanki, aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris ɗin 2026. Kai da ni ba za mu zauna karanta rahoton shekara na banki ba, amma akwai alamun da ido ke gani. In tiransifa ta riƙa maƙalewa mako da makonni ba kwana ɗaya ba, in ka je kanta ana ce maka ka dawo gobe a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, in ma'aikatansu na ta barin aiki, to ka fara rage kaya.

Bankin Musulunci. Jaiz ne ya fara a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, akwai kuma Alternative Bank da ya fito daga Sterling. Abin da mutane ba su gane ba shi ne cajin tiransifa da alat da kati duk ɗaya ne da sauran bankuna, ba a yafe maka komai don an ce na Musulunci ne. Bambancin yana ga yadda ake juya kuɗin. In ka buɗe akawun na mudaraba, kai ne mai jari su ne masu juyawa, ana raba ribar da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, ba a yi maka alkawarin adadi tun farko, wani watan ya yi kyau wani ya ragu. Ita ma ribar gaskiya ba ta kamo hauhawar farashi, amma dai halal ɗinka ce za ka ci hankali kwance. Inshorar NDIC ta rufe su har miliyan 5 kamar kowa. Matsalarsu rassa ba su kai na tsofaffin bankuna yawa ba, in kana ƙauye ko ƙaramar hukuma mai nisa wataƙila sai ka shigo birni, kuma jarin da aka ɗora musu ƙarami ne, biliyan 20 ga na ƙasa baki ɗaya, wato ba su kai waɗancan ƙiba ba.

Sai na waya, OPay, PalmPay, Moniepoint, Kuda. Gaskiya a lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da mutane ke kwana a layin ATM manhajojin manyan bankuna kuma suna ta faɗuwa, waɗannan ne suka rufa wa talaka asiri, daga nan mai shayi da mai kayan miya da ɗan adaidaita duk suka koma can. Sauri ba a magana, caji kuma ƙasa da na banki, sai dai ita naira 50 ta gwamnati yanzu su ma suna cirewa. Amma ka san irin lasisin da naka yake da shi don ba ɗaya ba ne. Moniepoint da Kuda ƙananan bankuna ne wato maikurofainans, inshorar NDIC a wannan rukunin miliyan 2 ce ba 5 ba. OPay da PalmPay kuma lasisin hada-hadar kuɗi ta waya suke da shi. Ka tuna a Afrilun 2024 CBN ta dakatar da su daga ɗaukar sababbin kwastomomi na wasu makonni a kan maganar tantance mutane, kuma a 2023 ta soke lasisin ƙananan bankuna 179 a lokaci guda, don haka ba kowane mai manhaja da suna mai daɗi za ka yarda da shi ba.

Babban haɗarinsu ma ba rushewa ba ne, wayar ce. A ƙwace maka waya a cikin adaidaita, ko wani ya kira ka da murya mai laushi ya ce daga ofis yake ka karanto masa lambar da aka turo, shi kenan. Ɗaya haɗarin kuma kai ne da kanka. Kuɗin da ke cikin aljihunka a waya ba ya zama, ɗan uwa ya kira ka ce ba ka da shi alhali yatsanka na kai, ga data, ga tsire, ga “turo min dubu biyu zan ba ka gobe”. Ita kuwa ajiyar da ake ƙara maka wani abu kullum, yawancinta kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, ka tambaya kafin ka danna.

Adashe kuwa ni ba na raina shi ko kaɗan, da shi iyayenmu mata suka yi wa 'ya'ya kayan ɗaki tun kafin a san BVN. Ƙarfinsa ɗaya ne, yana tilasta maka. Kunyar uwar adashe ta fi duk wata manhaja iya sa mutum ya yi zubi. Caji kusan babu sai ɗan abin da ake ba ta, in kuma na kullum ne da mai zagayawa yake karɓa yawanci zubin kwana ɗaya nasa ne a wata. Amma ku lura da wani lissafi, a lokacin tsadar kaya wanda ya yi kwasar farko bashi ya ci ba ruwa, wanda ya yi ta ƙarshe kuma shi ya ba kowa rance kyauta ya karɓi kuɗin da suka riga suka rame. In adashen wata goma sha biyu ne kuma kullum kai ake bari a ƙarshe saboda haƙurinka, ana cin ka ne da murmushi. Sauƙin ɗauka babu, sai ranarka ta zo ko ka roƙi musanya. Haɗari kuma ba NDIC ba kowa. A gidana ma an taɓa yi, wata ta yi kwasa ta biyu ta tashi daga unguwar, har yau maganar tana wurin mai unguwa. Na WhatsApp da ba ka san fuskar kowa ba kuwa, wannan ba adashe ba ne, sadaka ce ka bayar ba lada.

Gwal. A nan uwargidan abokina tana da gaskiya fiye da yadda yake zato. Farashinsa da dala yake tafiya, don haka in naira ta faɗi shi tashi yake, kuma a kasuwar duniya ma ya haura dala 3,000 kowane oza a Maris ɗin 2025, ya haura 4,000 a Oktoba. Matar da ta sayi sarƙa kafin 2023 ta fi mijinta da ya bar kuɗi a akawun nesa ba kusa ba. Sai dai cajinsa a ɓoye yake, ranar saye ka biya kuɗin ƙira, ranar sayarwa ba mai mayar maka da shi, nauyi kawai za a auna a kuma saya ƙasa da farashin da ake sayarwa. In ka saya yau ka sayar bayan wata biyu kusan tabbas ka faɗi. Yana kuma sauka kamar yadda yake hawa. Ga jabu, ga ɓarawo, ga 'yar uwa mai aron zuwa biki. In za ka saya ka je wurin sanannen mai shago irin na Kasuwar Rimi, a auna a gabanka, a rubuta giram da karat a rasit, ka zaɓi mai sauƙin ƙira ba mai duwatsu ba.

Hatsi da kiwo sana'a ce ba ajiya ba, wannan nake so yayan abokina ya gane. Saye da kaka a sayar da damina ya yi wa mutane rana shekaru da dama, amma waɗanda suka jibge masara da shinkafa a ƙarshen 2024 da tsada sun sha kashi a 2025, farashi ya karye bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, wasu ko uwar kuɗi ba su mayar ba. Ga kuɗin sito, ga ƙwari, ga magani, ga kuma maganar malamai a kan ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin yunwa. Ragon layya ma haka, in ba ka da mai kula da shi dusa da harawa za su cinye ribar. Dala kuma a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ka tuna ta kusa 1,900 a Fabrairun 2024 ta dawo wajen 1,100 a Afrilu, wanda ya saya a sama ya ga ta kansa.

Akwai wanda ba a cika ambata ba, sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da ake biyan mai ita haya maimakon ruwa. An fara shi a 2017 da biliyan 100 na shekara bakwai, ana biyan haya kashi 16.47 a shekara, kuɗin kuma tituna ake yi da su, za ka ga allunansu a kan manyan hanyoyi. Da naira dubu 10 ma ana shiga, ana biyan ka duk wata shida, kwamitin malamai ya duba tsarinsa, kuma gwamnati ce ke tsaye a bayansa. Aibinsa ba kullum ake sayarwa ba sai ofishin kula da basussuka na DMO ya buɗe, kuɗinka kuma sun ɗaure shekaru, in ka matsu sai ka nemi dillalin hannun jari ya sayar maka wataƙila ƙasa da yadda ka saya.

Ban sa irin su MMM na 2016 da CBEX da ya rufta da mutane a Afrilun 2025 a cikin lissafin ba. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata ɗaya, banza ba ta kai zomo kasuwa.

| Wuri | Caji | Riƙe daraja | Sauƙin ɗauka | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bankin kasuwanci | ƙanana masu yawa | rauni | da sauƙi in akwai sabis | NDIC har miliyan 5 |
| Bankin Musulunci | kamar na sama | rauni zuwa matsakaici | rassa kaɗan | NDIC har miliyan 5 |
| Manhajar waya | mafi araha | rauni | nan take | satar waya, damfara, inshora ta danganta da lasisi |
| Adashe | kusan babu | ya danganta da layinka | sai ranar kwasa | ba mai biyan ka |
| Gwal | kuɗin ƙira | mai kyau in an daɗe | kwana ɗaya a kasuwa | jabu, sata, saukar farashi |
| Hatsi da kiwo | sito, magani, abinci | wata shekara riba wata asara | sai an samu mai saye | babba |
| Sukuk | kaɗan | matsakaici zuwa mai kyau | da wuya kafin wa'adi | ƙarami |

To wa ya dace da me? In kuɗin cefane ne da na mai da ɗan abin da ake juyawa a shago, manhajar waya ta ishe ka, amma kada ka bar fiye da na mako ɗaya ko biyu a ciki, ka kuma sa wa layinka lambar sirri. Kuɗin ko-ta-kwana, kamar abin da zai riƙe gidan wata biyu ko uku in albashi ya tsaya, wannan banki ne wurinsa, na Musulunci in kana gudun ruwa, kuma shawarata kada ka sa manhajar wannan akawun ɗin a wayarka, ka bar kati kawai a gida. Na san hauhawa za ta ɗan ci, ka ɗauke shi a matsayin kuɗin gadi.

Mai albashin da kuɗi ba sa zama a hannunsa kuma yana da haya ko kuɗin makaranta a gaba, adashe da abokan aiki waɗanda albashinku ke shiga rana ɗaya, ka nemi kwasarka ta faɗo wata ɗaya kafin hidimar. Uwar da ke tara wa 'ya kayan aure nan da shekara uku ko biyar, gwal kaɗan-kaɗan ya fi mata adashe ya fi mata akawun. Ɗan fansho da ya karɓi giratuti yana son wani abu ya riƙa shigowa ba tare da ya shiga kasuwar da bai iya ba, ya jira a buɗe sukuk. Hatsi kuma a bar wa wanda ya san Dawanau ya san sito, in dole sai ka shiga to da abin da in ya faɗi gidan ba zai girgiza ba. Kada a manta da zakka, in abin da ka tara ya kai nisabi ya kuma shekara, kashi biyu da rabi cikin ɗari ba naka ba ne, ka sa shi a lissafi tun yanzu.

Wanda kuma Allah ya hore wa fiye da miliyan 5 a banki ɗaya, ya raba su gida biyu ko uku a bankuna daban-daban, ba akawun biyu a banki ɗaya ba don haɗawa ake yi a lissafa maka a matsayin mutum ɗaya. Ka kuma je ka tabbatar sunanka a BVN da NIN da akawun duk iri ɗaya ne, harafi ɗaya in ya bambanta, kamar Muhammad a nan Mohammed a can, yana iya sa ka yi ta sintiri ranar da ake biyan mutane.